Tarihin Kifi Mai Sulke

Ba a yi wa Bahaushe bayanin tarwaɗa. Ko yaron da bai isa kiwo ba ya san ta da gashin baki, da faffaɗan kai, da santsin jiki, har in ba a kama ta da dabara ba sai ta sulle daga hannu ta koma ruwa. An kuma san 'yan'uwanta, kamar su ƙurungu mai ƙaya, da ragon ruwa, da minjirya wadda ke girgiza wanda ya taɓa ta. Abin da ya haɗa su duka shi ne gashin baki da rashin ɓawo a jiki.

To, amma dangin tarwaɗa suna da yawa ƙwarai a duniya, irinsu ya wuce 3,000. A cikinsu akwai waɗansu ƙanana waɗanda ba su zaune tsirara kamar sauran, Allah ya tufatar da su da sulke na ƙashi tun daga wuya har gindin wutsiya. Ba a samun su a kogunan Afirka. Ƙasarsu ita ce Amurka ta Kudu, can ƙetaren babban teku na yamma. Labarinsu ya cancanci a ji, domin sai da masana suka shafe shekaru fiye da 370 suna bin diddigin wannan ɗan kifi, kuma sau da yawa abin da masuntan ƙasar suka faɗa tun farko, wanda mai ji zai ɗauka tatsuniya ce, shi ne bincike ya komo ya tabbatar.

Kamanninsa da ƙasarsa

Masana suna kiran dangin nan Callichthyidae, irin da aka sa wa suna a cikinsu kuwa ya wuce 200. Ana samun su tun daga Panama a arewa har Ajantina a kudu, da tsibirin Tirinidad, amma inda suka fi yawa shi ne kogin Amazon da rassansa. Mafi yawansu ba su wuce inci 2 ko 3 ba. Akwai waɗanda ko inci 1 da ƙyar su ke cikawa, manyansu kuwa su kan kai inci 8 ko 9.

A kowane gefen jikin kifin akwai layi biyu na faranti na ƙashi, ɗaya bisa ɗaya ƙasa, kowane faranti ya hau kan na bayansa kaɗan kamar yadda a ke jera kwanon rufi. Saboda wannan jeri ne kifin ya ke iya lanƙwasa jiki ya yi iyo, ko da ya ke yana cikin ƙashi. Kansa ma a rufe ya ke kamar mai sanye da kwalkwali. Wanda ya taɓa ganin ɗan lifidi ranar hawan salla, ya ga kwatancinsa.

Ban da sulke yana da mashi uku, watau ƙaya ɗaya a gadon baya, da ɗaya ɗaya a fikafikan ƙirji. In ya ji tsoro sai ya miƙe su ya kulle, su ƙi kwantawa, har tsuntsu ko babban kifin da ya yi garajen haɗiye shi sai ya maƙale masa a wuya. A gindin ƙayar akwai ɗan dafi mai sa raɗaɗi. Masu kamun ƙurungu ba za su yi mamakin wannan ba, don shi ma haka ya ke kulle ƙayarsa, kuma dukansu biyu su kan yi 'yar ƙara ta wurin goga gindin ƙayar ƙirji a gurbinta.

Mazauninsa ƙasan ruwa ne, inda akwai yashi da ruɓaɓɓen ganye. Bakinsa yana duban ƙasa. Ya kan tura shi cikin yashi yana laluben tsutsotsi da 'ya'yan ƙwari da gashin bakinsa, domin da shi ya ke jin ɗanɗano. Ƙananan irinsu ba su yawo ɗai ɗai, sai garke garke, wani lokaci goma, wani lokaci ɗaruruwa.

Yadda labarinsa ya shiga littafi

Tun kafin Turawa su san akwai wata ƙasa a yamma, mutanen Amurka ta Kudu na asali suna kama manyan irin wannan kifi suna ci. Kabilun Tupi na Barazil suna kiransa tamoata, sunan kuwa bai mutu ba, da shi a ke kiransa a kasuwannin arewacin Barazil har wa yau.

A cikin shekarar 1630 mutanen Holan suka ƙwace wani yanki na gaɓar Barazil daga hannun mutanen Fotugal saboda gonakin rake. A 1638 wani saurayi Bajamushe mai suna Georg Marcgrave ya sauka can, ya shiga hidimar gwamnansu. Aikinsa shi ne ya auna ƙasa, ya duba taurari, ya kuma rubuta siffar kowane tsiro da dabba da ya gani. Ba ya raina sunan da 'yan ƙasa suka ba abu, yadda suka faɗa masa haka ya ke rubutawa. Daga baya aka aike shi Afirka, ajali ya same shi a Luwanda ta ƙasar Angola a 1644, bai kai shekara 35 ba. Ya rasu bai ga aikinsa a buge ba, sai a 1648 aka tattara takardunsa aka fitar da su cikin wani babban littafi a kan halittun Barazil. A ciki akwai tamoata, da zanensa da bayaninsa.

Aka yi shekara 110, sa'an nan wani malami na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya fito da tsarin da a ke bi har yanzu wajen sa wa dabbobi suna. Kowace halitta ta kan sami suna biyu cikin harshen Latin, na farko sunan gidansu, na biyu nata na kanta, domin masanin da ke Jamus da wanda ke Japan su san abu ɗaya su ke magana a kai. A littafinsa na 1758 ya sa tamoata cikin gidan tarwaɗar Turai, ya ba shi suna callichthys, ma'anarsa da harshen Girka kyakkyawan kifi. Tun cikin waɗannan tsofaffin littattafai an rubuta wani labari mai ban mamaki, cewa idan rafinsa ya ƙafe, sai kifin ya hau tudu ya tafi neman wani ruwa.

Da jiragen ruwa suka yi ta kawo kifaye jiƙe cikin kwalaben barasa don kada su ruɓe, sai aka ga ashe ba iri ɗaya ba ne. A 1794 wani likita na Balin, Bloch, ya bayyana wani ƙarami mai ɗigo ɗigo daga ƙasar Surinam. A 1803 Lacépède, Bafaranshe, ya buɗe wa ƙananan sabon gida, ya kira shi Corydoras. Kalmomin Girka biyu ya haɗa, ɗaya kwalkwali, ɗaya fata. Wannan suna shi ne ya fi shahara a cikin dangin duka.

Kifin da ke gina sheƙa

Duk waɗannan malamai, in ban da Marcgrave, mataccen kifi su ke dubawa cikin kwalba. Gawa kuwa ta kan nuna siffa, amma ba ta nuna hali. Wanda ya kawo labarin halinsa shi ne wani likita, John Hancock, wanda ya daɗe yana zaune a Demerara, cikin ƙasar da a ke kira Guyana yanzu. A 1828 aka buga bayaninsa a Landan game da wani babban iri da mutanen wurin ke kira hassar. Ya ce kifin nan sheƙa ya ke ginawa da damina, yana kuma gadin ƙwansa.

Haka abin ya ke. Idan ruwan sama ya sauka fadamu suka cika, sai namijin ya juya cikinsa sama a fuskar ruwa, ya yi ta haɗiyar iska yana fitar da kumfa, yana jawo ciyawa da ganye yana tarawa a kai, har abin ya zama tudu yana yawo kamar an kife ƙwarya. Macen ta kan zo ta ƙasa ta manna dubban ƙwai a cikin ciyawar. Kumfar ta kan riƙe ƙwan a sama inda iska ta ke, ruɓewar ciyawar kuma ta ɗumama shi. Daga nan namiji ya kama gadi, ba ya barin kome ya matso. Hancock ya ce mutanen wurin da wannan hali su ke kama shi: sai mutum ya sa hannu kusa da sheƙar ya motsa ruwa, kifin ya taso da fushi, ya faɗa hannunsa. Ƙaunar 'ya'ya ita ce ajalinsa.

Wannan babban iri abinci ne mai daraja a Guyana da Surinam da arewacin Barazil. Ana dafa shi da sulkensa, in ya nuna a ɓare. A Tirinidad suna kiransa kaskadura, har suna da wani camfi, wai baƙon da ya ci shi, kome nisan inda ya tafi, a tsibirin zai komo ya ƙare kwanakinsa.

Ba da daɗewa ba, cikin Disamba 1831, wani jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle ya tashi don auna gaɓar Amurka ta Kudu. An fara yi wa wani limamin coci mai sanin dabbobi, Leonard Jenyns, tayin bin jirgin, ya ƙi saboda aikinsa. Sai damar ta faɗa kan wani saurayi ɗan shekara 22, Charles Darwin, wanda daga baya sunansa ya game duniya. Jirgin ya komo a 1836, Darwin kuwa ya danƙa kifayen da ya tara a hannun Jenyns ɗin nan da ya zauna gida. A cikinsu akwai wani ɗan mai sulke, jikinsa dabbare dabbare. A 1842 Jenyns ya sa masa suna paleatus, watau wanda aka barbaɗa wa ƙaiƙayi. A 1858 kuma wani saurayi Ba'amurke, Theodore Gill, ya bayyana wani daga Tirinidad mai ƙyallin tagulla, ya kira shi aeneum, ma'anarsa na tagulla. Waɗannan biyu su ne daga baya suka fi kowane iri yaɗuwa a hannun mutane.

Numfashi ta hanji

Saura batun tafiya a tudu. Kowa ya san kifi da ruwa ya ke numfashi. A ƙarƙashin murfin kumatunsa akwai waɗansu jajayen tsokoki masu kama da haƙoran matsefi, su ne ke tace iskar da ta narke cikin ruwa, wadda a ke kira oksijin, su sa ta cikin jini. In an fitar da shi tudu sai su manne da juna, ya mutu. To, yaya wannan ya ke rayuwa a waje?

Masu lura sun daɗe da ganin wani hali nasa. Yana cikin kiwo a ƙasan ruwa, sai ya taso kamar kibiya, ya taɓa fuskar ruwa da baki, ya koma nan da nan, 'yan kumfa suna fita ta bayansa. A 1877 wani masani Bafaranshe mai suna Jobert, wanda ya yi bincike a Barazil, ya bayyana dalili. Iska kifin ya ke haɗiya, ta bi ta cikinsa har kashin baya na hanji. Wannan wuri na hanjin fatarsa siririya ce ƙwarai, cike da ƙananan jijiyoyin jini, a nan jinin ya ke ɗaukar oksijin kamar yadda ya ke yi a huhun mutum, sauran iskar kuwa ta fice ta dubura.

Amfanin wannan ya fito sarai da waɗansu Turawan Ingila biyu, Carter da Beadle, suka je fadamun Chako na ƙasar Faraguwai, suka buga sakamakon aikinsu a 1931. Sun auna ruwan fadamun suka tarar kusan babu oksijin a cikinsa, in ban da ɗan sama sama. Dalili kuwa shi ne ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa, ciyawa ta rufe shi iska ba ta kaɗa shi, ruɓaɓɓen ganye kuma yana cinye ɗan abin da ya rage. A irin wannan ruwa kifin da ba shi da wata dabara sai ya shaƙe. Mai sulke kuwa sai ya leƙo sama ya sha iska abinsa. Iskar da ke cikin hanjin tana kuma rage masa nauyin ƙashin da ya ke ɗauke da shi.

Da haka labarin masunta ya tabbata. Manyan irinsu, idan kududdufi ya kusa ƙafewa, su kan fito da dare ko bayan yayyafi, su dogara da ƙayar ƙirji, suna karkaɗa wutsiya, su ja ciki cikin ciyawa mai laima har su sami wani ruwa. Sulken yana kare su daga kaushin ƙasa. Tarwaɗar Afirka ma ta kan yi irin wannan tafiya, amma ita abin shan iskarta a cikin kai ya ke, wani abu mai rassa kamar bishiya. Gaiwa kuwa huhu gare ta sosai. Matsala ɗaya ce, watau ruwan rani da ya mutu, amma kowane da mafitar da aka ba shi.

Cikin akwatin gilashi

A ƙarni na 19 mutanen Turai suka shiga sha'awar ajiye kifi mai rai cikin akwatin gilashi a ɗaki, ba don ci ba, sai don kallo, kamar yadda a ke ajiye kanari cikin keji. Kawo kifi da rai daga ƙasa mai nisa cikin jirgin ruwa abu ne mai wuya, yawancinsu a hanya su ke mutuwa. Amma wanda ke shan iska ta hanji bai damu da lalacewar ruwan tulu ba. Saboda haka yana cikin na farko da suka iso lafiya. A 1878 wani mai kiwon kifi a Faris, Pierre Carbonnier, ya sami sa'a irin nan mai ƙaiƙayi, wanda Darwin ya kawo gawarsa, ya hayayyafa a hannunsa.

Daga nan ne aka fara ganin abin da duhun rafi ya ɓoye. Aka lura ƙananan ba su gina sheƙa kamar manya. Aka kuma gane ruwan sama ne ke tashe su, har masu kiwo suka koyi zuba ruwa mai ɗan sanyi cikin akwatin don kifin ya zaci damina ta faɗi. Sai maza biyu ko uku su yi ta bin mace ɗaya. Can sai ɗaya ya gitta a gabanta, ta kafa bakinta a gefen cikinsa, su tsaya haka ɗan lokaci. Sa'an nan ta haɗa fikafikan cikinta biyu su zama kamar aljihu, ta zuba 'yan ƙwai a ciki, ta ɗauka ta je ta manna su a jikin ganye ko dutse. Ta komo a sake, har ta gama. Bayan kwana 3 zuwa 5 su ƙyanƙyashe, ba uwa ba uba a kansu.

Shekara fiye da 100 ana kallon wannan, ana gardama a kan yadda ruwan namijin ya ke isa wurin ƙwan, tun da bakinta ne a jikinsa, ƙwan kuwa yana can ƙarƙashin cikinta. A 1995 wani masani na birnin Osaka a Japan, Masanori Kohda, tare da abokan aikinsa, suka gwada da irin nan na tagulla. Suka sa ruwa mai launi kusa da bakin macen a daidai lokacin, sai ga launin ya fito ta bayanta, ya zuba cikin aljihun. Suka bayyana cewa haɗiye ruwan namijin ta ke yi, ya ratsa hanjinta da sauri, ya fito kan ƙwan. Hanyar da iska ta saba bi, ita ce ta yi wannan aiki kuma.

Shaidar dutse

Tun yaushe wannan kifi ya ke duniya? A 1925 wani malamin jami'ar Kolorado ta Amurka, Cockerell, ya bayyana wani ɗan kifi da aka samu cikin dutse a arewacin Ajantina. Laka ce ta binne shi a ƙasan wani tsohon tabki, da daɗewa ta daskare ta zama dutse, siffarsa ta zauna a ciki kamar hatimi. Ga farantan, ga ƙayar, ba wanda zai kasa gane shi. Ya kira shi Corydoras revelatus, watau wanda aka bayyana. Masu ilmin duwatsu sun ƙiyasta shekarun dutsen sun wuce miliyan 50. Manyan dabbobi da yawa sun zo sun shuɗe a tsakani, ɗan mai sulke yana nan da kamanninsa.

Kama da wane ba wane ba ce

Bayan yaƙin duniya na biyu, da jirgin sama ya sauƙaƙe tafiya, sai sababbin iri suka yi ta fitowa daga rafukan da ba a taɓa shiga ba. Masana biyu na birnin Amstadam, Han Nijssen da Isaäc Isbrücker, sun ba da yawancin rayuwarsu ga tantance su. Su ne a 1971 suka sa wa wani farin iri na ƙasar Peru suna panda, domin baƙin da ya kewaye idonsa ya yi kama da na wata dabbar ƙasar Sin mai wannan suna. Duk da haka 'yan kasuwa sun fi masana sauri. Kifi ya kan iso Turai ana sayar da shi ba shi da suna, har a 1993 wata mujalla ta Jamus ta fara ba irin waɗannan lamba, C1, C2, haka haka, kafin a sami mai raɗa musu suna. Lambobin suka wuce 150.

Cikin wannan aiki aka yi ta karo da wani abu mai rikitarwa. Sai a jefa koma a rafi ɗaya, a kamo garke mai zane iri ɗaya, amma in an duba da kyau sai a ga waɗansu dogon baki gare su, waɗansu gajere. A wani rafin kuma zanen dabam ne, amma nan ma ga mai dogon baki ga mai gajere, sun yi anko.

A 2011 masanan jami'ar Bangor ta Birtaniya, tare da na Barazil, suka warware wannan. Suka binciki ƙwayoyin gado da ke cikin tsokar kifayen, suka tarar masu ankon nan galibi ba 'yan'uwa na kusa ba ne, zama wuri ɗaya ne ya sa tufarsu ta zo ɗaya. Ga yadda abin ya ke. Tsuntsun da ya taɓa cafkar mai zane kaza ya sha ƙaya, ba ya sāke kusantar mai wannan zane. In iri uku suna da zane uku, sai kowane tsuntsu ya lalata kifi uku kafin ya yi hankali. In kuwa zanensu ɗaya ne, darasi ɗaya ya ishe shi, hasarar ta ragu a kan kowa. Wani Bajamushe mazaunin Barazil, Fritz Müller, shi ya fara bayyana wannan dabara a 1878 game da malam-buɗe-littafi. Binciken ya kuma nuna abin da ya hana su faɗa da juna: mai dogon baki yana tono can cikin yashi, mai gajere yana tsince a sama, kowa da akushinsa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, muddin ba a haɗa hannu a ƙwarya ɗaya ba.

Wannan binciken gado ya tono wata magana kuma. Gidan da Lacépède ya buɗe a 1803 ya cika ya batse, iri fiye da 170 a ciki, alhali ba kakansu na kusa ɗaya ba. A 2024 masanan Barazil suka sāke rabon ƙananan duka zuwa gida 7, suka tono waɗansu tsofaffin sunaye da aka jingine tun ƙarni na 19. Kifin Darwin ya koma gidan Hoplisoma, na tagulla ya koma Osteogaster. Wannan ba abin kunya ba ne ga malamai. Ilmin da ba ya karɓar gyara ya daina girma.

Abin da ya rage

Irin da aka fi saye yanzu a gonakin kifi a ke haifar su, a Asiya da Amurka da Turai. Amma waɗanda ba su da yawa har yanzu daga daji a ke kamo su, a fitar da su ta garuruwa kamar Manaus a Barazil da Ikitos a Peru. A garin Barcelos na bakin kogin Negro akwai gidaje da yawa da suka daɗe suna ci da kamun ƙananan kifayen ado, su ne kuwa suka san rafin da kowane iri ya ke, da watan da ya ke fitowa.

Hatsarin da ke gaban kifin daga yanayin zamansa ya taso. Iri da yawa ba a san su ko'ina ba sai a kogi ɗaya, ko 'yan rafuka kaɗan. In aka sare dajin da ke yi wa rafin inuwa, ko masu haƙar zinariya suka cika shi da laka da guba, ko aka datse shi da madatsa, to, irin ya tafi ke nan, babu inda za a samo wani. Ga kuma fari. Tun 1902 a ke auna ruwan kogin Negro a Manaus, ba a taɓa ganin ya janye kamar yadda ya yi cikin Oktoba 2023 ba, sa'ad da ma'auni ya sauka zuwa mita 12.70. Da shekara ta kewayo, cikin Oktoba 2024, ya ƙara sauka zuwa mita 12.11.

Sulke ya tsare wannan kifi daga haƙori, ƙaya ta tsare shi daga bakin tsuntsu, hanjinsa ya fisshe shi daga ruwan da ya mutu. Amma duk tafiyarsa a tudu, daga ruwa zuwa ruwa ya ke yin ta. In babu wani kududdufi a gaba, dabararsa ta ƙare. Tun daga ranar da wani masunci Batupe ya nuna wa Marcgrave kifi ya ce masa tamoata, an san abu mai yawa game da shi, amma har yanzu akwai waɗanda ke cikin rafukan Amazon da lamba kaɗai a ke kiran su, suna jiran suna. Ko za su same shi, ya rataya ga ko rafukan za su daɗe suna gudu.